Takardar izinin aure a ofishin ƙaramar hukuma: wa ya taɓa karɓa?

Angon Gobe

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu. An sa mana rana, amma ni da wadda zan aura ba ƙasa ɗaya muke zaune ba yanzu, ni aiki ya kai ni wata ƙasa, ita tana karatu a wata. A wurin aikina an ce ba za a saka sunanta cikin inshorar lafiya ba sai na kawo takardar aure ta hukuma, haka ma maganar biza. Da na fara tambaya sai kaina ya ɗaure. Wani ya ce in je ƙaramar hukuma in karɓi izini tun kafin a ɗaura, wani ya ce a'a, sai an ɗaura ake zuwa a yi rajista. Wanne ne daidai? Me ake tafiya da shi, kuma kwana nawa abin yake ci? Har yanzu ba mu tsayar da ƙasar da za a yi ba, shi ya sa nake so in ji yadda ake yi a wurare daban-daban.

Tsohon Magatakarda

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ɗana. Mutum biyun da suka ba ka amsa duk ba su yi ƙarya ba, kowa rabi ya kama. A irin wannan ofis na yi aiki har na yi ritaya, kuma wannan ruɗanin shi na fi gani.

Takardu biyu ne. Ta farko ita ce ta izini, kafin aure ake bayar da ita. Abin da take cewa kawai shi ne hukuma ta duba ba ta ga abin da zai hana ku aure ba. Tana da wa'adi, in ya cika ba a ɗaura ba ta mutu, sai an sake sabon lale. Ta biyu ita ce takardar shaidar aure, wadda ake bayarwa bayan an ɗaura, ango da amarya da shaidu sun sa hannu, an shigar cikin littafin rajista. Wurin aikinka da ofishin jakadanci wannan ta biyun suke nema. Ko shekara goma ka yi riƙe da ta farko, a wurin hukuma kai gwauro ne.

Abin da magatakarda yake so ya tabbatar bai taka kara ya karya ba. Yana so ya san ku ɗin ne da gaske, shekarunku sun kai, kowa ya yarda da bakinsa, ba ku da dangantakar da ta hana aure, kuma babu wani aure a kan ɗayanku wanda doka ta ce ya tare hanyar wannan. Duk takardar da za a ce ka kawo, ɗaya daga cikin waɗannan take amsawa. Saboda haka ka tanadi fasfo ko katin shaida, takardar haihuwa, da abin da zai nuna inda kake zaune. Wanda ya taɓa aure kuwa sai ya zo da takardar rabuwa, ko ta rasuwar abokin zamansa na farko.

Maman Biyu

Baba ya gama magana. Bari in ƙara da na Amurka tunda nan nake. A yawancin jihohi ofishin magatakardan gunduma ne ke bayar da izinin, kuma ku biyun za ku je tare. Babu doka ɗaya ta ƙasa, kowace jiha da tata. A Teksas sai an jira awa 72 bayan karɓar takardar kafin a ɗaura, kuma kwana 90 take yi ta mutu. A Kalifoniya babu jira, yau ka karɓa yau za a iya ɗaurawa, ita ma kwana 90 ne wa'adinta. A Fulorida mazauna jihar suna jiran kwana 3, sai dai in sun halarci darasin shirin aure, takardar kuma kwana 60 take yi. Nebada babu jira, kuma tata tana kai shekara guda.

Amma ƙanina ga inda nake so ka sa ido. Bayan an ɗaura, wanda ya ɗaura ɗin, liman ne ko fasto ko alƙali, shi zai cike takardar ya mayar wa ofishin da ya bayar. Kalifoniya kwana 10 ta ba shi, Teksas kwana 30. Akwai wata ƙawata da aka yi komai lafiya, sai da ta je neman kwafin shaidar aure don gyaran takardun zama aka ce babu sunansu a littafi. Ashe wanda ya ɗaura bai mayar ba, takardar tana nan cikin jakarsa. An gyara daga baya, amma ta sha zirga-zirga. Kada ka ji nauyi, ka tambayi mai ɗaurawa ya mayar ko bai mayar ba, sannan ka koma ofishin da kanka ka karɓi kwafi mai hatimi.

Ɗalibin Ingila

A nan Ingila ba a yin sa da gaggawa. Ana zuwa ofishin rajista na ƙaramar hukumar da mutum yake zaune a ba da sanarwar aure, aƙalla kwana 29 kafin ranar. Dole ka yi kwana 7 kana zaune a yankin kafin ka ba da sanarwar, kuma a lokacin za ka faɗi ainihin wurin da za a yi. In ɗayanku baƙo ne da ke ƙarƙashin dokar shige da fice, Ma'aikatar Cikin Gida tana iya tsawaita jiran zuwa kwana 70 don ta bincika ko auren gaskiya ne. Bayan sanarwa kuna da wata 12. Tun watan Fabrairun 2023 kuma babu auren wanda bai kai shekara 18 ba a Ingila da Wales, ko da iyaye sun yarda. In can za ku yi, yaya, ka lissafa da kwana 70 ɗin, kada ka lissafa da 29.

Malam Mai Tambaya

Ni fa jama'a akwai abin da ke damuna cikin wannan magana. Iyayenmu da kakanninmu sun yi aure sun haife mu, babu wanda ya je wani ofis neman izini. Akwai waliyyi, akwai shaidu, akwai yardar juna, aure ya ɗauru. Yaushe gwamnati ta zama mai ba da izinin abin da Allah ya halatta? Yaro matashi yana son ya kama kansa, a ce sai ya jira sanarwa ta yi mako uku ko huɗu a jikin allo. Ni ban ga dalili ba, in ban da neman kuɗin shiga.

Baristar Zaure

Malam, da girmamawa, babu wanda ya ce auren iyayenmu bai ɗauru ba. Tambayar ita ce, ranar da aka yi gardama, wa zai tsaya ya ce an yi? Shaidu suna mutuwa, suna ƙaura, wani lokaci su juya baya. Matan da suke zuwa wurina da kuka ba ranar biki suke zuwa ba. Suna zuwa ne bayan miji ya rasu, hukumar fansho ta ce a kawo shaidar aure, banki ya ce haka, dangin miji kuma wasu sun fara cewa ai zama kawai suke yi.

Ga misali da ya faru a kotu a Ingila. Wasu ma'aurata Musulmi an ɗaura musu aure a Landan a 1998, ba su je sun yi na hukuma ba. Sun zauna shekaru, sun haifi 'ya'ya. Da zama ya ƙi, matar ta je kotu neman haƙƙinta. A 2018 babbar kotu ta ba ta wata kafa, amma a 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta soke, ta ce abin da aka yi bai shiga cikin abin da dokar ƙasar ta sani da aure ba sam. Ma'ana ba ta da damar neman rabon dukiya irin na matar aure. Matar nan a wurin Allah da mutane matar aure ce, amma ƙasar da take zaune ba ta san da ita ba.

Malam Mai Tambaya

Barista, wannan labari ya taɓa ni, Allah ya saka mata. Rubutawa ban ƙi ba. Ai ko bashi an ce a rubuta, kuma ayar da ta faɗi haka ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, balle aure. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kalmar izini. A rubuta abin da aka yi daban, a ce sai na ba ka dama daban.

Mai Son Tarihi

Malam, jiran nan da kake ƙorafi a kai ba gwamnatocin yanzu suka ƙirƙiro shi ba, kuma asalinsa ba kuɗi ba ne. A 1215 babban taron cocin Katolika a Rum ya wajabta a riƙa shelanta aure a bainar jama'a kafin a ɗaura, don wanda ya san wata matsala ya fito ya faɗa. Ingila ta yi doka a 1753 saboda auren ɓoye ya yi yawa, ana yaudarar 'yan mata masu gado, ana samun mutum da mata biyu kowace ba ta san da ɗayar ba. Faransa ta ɗauke rajistar aure daga hannun coci ta ba ƙananan hukumomi a 1792. A 1962 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da yarjejeniya kan abu uku: yardar ma'aurata, mafi ƙarancin shekarun aure, da rajistar kowane aure.

Kuma ba ƙasashen Turai kaɗai ba. A Masar akwai ma'aikaci na musamman da hukuma ta naɗa, ma'azuni, shi ke rubuta auren Musulmi. A Maroko adilai biyu, wato shaidun da hukuma ta naɗa, ke rubutawa. A Indunusiya, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi, ofishin harkokin addini na yanki ne ke yin rajista ya ba miji littafinsa, mata nata. A ganina kwanakin jiran nan kariya ce ga wanda ba ya wurin: matar da ke wani gari ba ta san mijinta zai sake sa hannu ba, ko yarinyar da ake so a aurar ba da son ranta ba.

Baristar Zaure

Malam, bambancin da ka kawo tsakanin rubutawa da ba da dama, wallahi shi ne zuciyar maganar, kuma shi nake so Angon Gobe ya fahimta kafin ya taka ƙafa wani ofis. Akwai ƙasashen da in ka je ƙaramar hukuma za ka iya yin ɗayan abu biyu da suka yi kama a ido amma ba ɗaya ba ne. Ko dai ka yi rajistar auren da aka riga aka ɗaura bisa addini ko al'ada, ko kuma ka ƙulla sabon aure bisa dokar gwamnati, wanda yake zuwa da nasa sharuɗɗan.

Bari in ba da misali da Najeriya tunda dokarta na fi sani. Dokar Aure da ake aiki da ita ta samo asali tun 1914, ita ce ta auren rajista, wanda mutane ke kira auren kotu. Ɗayanku zai ba magatakarda sanarwa, a shigar cikin littafin sanarwa, a manna a ƙofar ofis. Sai kwana 21 sun cika sannan ya ba da takardar izini, bayan an yi rantsuwa cewa ɗayanku ya zauna a yankin aƙalla kwana 15, kuma kowa ya kai shekara 21 ko yana da rubutacciyar yardar iyaye, in ba wanda abokin aurensa ya rasu ba. In wata uku suka wuce daga ranar sanarwa ba a ɗaura ba, komai ya rushe. A ofis ana ɗaurawa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma, ƙofa a buɗe, gaban shaidu biyu.

To ga abin da mutane ba sa karantawa. Wannan aure na mace ɗaya ne da namiji ɗaya. Wanda yake da aure da wata bisa al'ada ba zai iya yin sa da wata daban ba, in ya yi auren bai inganta ba. Wanda kuma ya yi shi, ba zai ƙara aure ba muddin yana nan, kuma dokar ta tanadi ɗaurin shekara 5 ga wanda ya karya. Ba ya mutuwa da furuci ko da takardar hannu, sai babbar kotu ta raba bisa dokar shari'o'in aure ta 1970, kuma a ƙa'ida ba a shigar da ƙarar rabuwa kafin shekara 2 sai da izinin kotu. A wasu jihohi har rabon gado yana iya shafa in mutum ya rasu bai bar wasiyya ba.

Na ga mutane da yawa da suka yi shi saboda biza kawai, wani ya ce musu ai takarda ce. Ba takarda ba ce kawai, alkawari ne da doka za ta riƙe ka da shi. In abin da kake so shi ne shaidar auren da aka ɗaura maka bisa addini, ka faɗi haka da bakinka a ofis, ka karanta kan fom ɗin ka ga wace doka aka ambata kafin ka sa hannu.

Anti Nas

Barista Allah ya biya ki. Amma ni zan faɗi gaskiyata, wannan sharaɗin na mace ɗaya shi ya sa na tsaya kai da fata sai da muka yi. Na faɗa masa tun farko, ya karanta, ya yarda. Ban ga laifin macen da ta nemi haka ba.

Malam Mai Tambaya

Hajiya, ke kin faɗa masa, shi ya yarda, wannan tsakaninku ne. Damuwata waɗanda ake kai su su sa hannu ba su san abin da ke ciki ba. Mutum ya ɗaure kansa da abin da bai karanta ba, ranar da ya gane sai gida ya kama da wuta.

Anti Nas

A nan kam bakinmu ɗaya, Malam. Kuma ba maza kaɗai abin ke ci ba. Na san wadda aka aura ta biyu, ba ta san mijin yana da auren rajista da uwargida ba. Da ya rasu aka ce a wurin wannan doka ita ba mata ba ce. Laifin wa? Ita dai ba ta ɓoye komai ba.

Mama Zumunta

Salama gare ku. Bari in sa baki ta ɓangarenmu na coci, don mu ma muna da namu ruɗanin. Mutane suna ɗauka da zarar an shiga coci fasto ya sa albarka shi ke nan an yi auren doka. A Najeriya sai cocin yana cikin wuraren ibada da hukuma ta ba lasisin ɗaura aure, kuma sai ma'auratan sun kawo wa fasto takardar izini daga magatakarda. Lokacinsa ma doka ta faɗa, daga 8 na safe zuwa 6 na yamma. In babu waɗannan, ana iya wayar gari kotu ta ce albarka aka sa, ba auren doka aka yi ba. Ɗana, ko wane addini kake bi, ka tambayi mai ɗaura maka kai tsaye: hukuma ta san da kai a matsayin mai ɗaura aure? Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Baƙon Faransa

Mu a Faransa an huta da wannan gardama, domin aure ɗaya ne doka ta sani, wanda magajin gari ko mataimakinsa ya ɗaura a ofishin ƙaramar hukuma. Na addini sai bayan shi, kuma malamin addinin da ya mayar da ɗaurawa kafin na hukuma al'adarsa yana iya fuskantar hukunci. Ana manna sanarwa kwana 10, ana son ɗayanku ya yi wata guda a garin ko iyayen ɗayanku su kasance a nan, shaidu kuma biyu zuwa huɗu. Suna iya kiran ku hira, tare ko ɗaya bayan ɗaya. Ranar auren ake ba ku littafin iyali, inda za a riƙa rubuta 'ya'ya.

Abin da ke kayar da baƙi shi ne takardar haihuwa. Ba tsohuwar da ke cikin akwatinka suke so ba, sabon kwafi suke so, wanda bai wuce wata 3 ba in a Faransa aka bayar, ko wata 6 in daga waje ne, kuma sai mai fassarar da kotu ta amince da shi ya fassara. In ka nemo ta da wuri ƙwarai sai ta tsufa kafin sauran takardu su haɗu.

Angon Gobe

Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, na ƙaru. Saura abu biyu. Tunda tana nesa, zan iya zuwa ni kaɗai ko in tura wani a madadinta? Sannan sunanta a fasfo da na takardar haihuwa sun bambanta da harafi ɗaya, a ɗaya kuma an sa sunan kakanta, a ɗayar babu. Wani ya ce akwai masu tsayawa a bakin ofis da ke gama wa mutum komai cikin kwana biyu.

Tsohon Magatakarda

Ɗana, na ƙarshen nan ka rabu da shi. Duk wanda ya ce zai fitar maka da takardar da doka ta ce sai an jira mako uku cikin kwana biyu, to ɗayan biyu ne, ko ta jabu ce, ko an mayar da kwanan wata baya. Duka biyun kai za su kama, ba dillalin ba. Ofishin jakadanci ba hatimi yake kallo ba, yana iya aikawa a duba lambar takardar a littafi. In babu ita, ba bizar kaɗai ka rasa ba, an rubuta ka cikin masu ƙarya. Inda akwai uzuri na gaske, dokoki da yawa sun tanadi izini na musamman da ke rage jira, amma babban jami'i ne ke bayarwa a rubuce, ba mutumin bakin ƙofa ba. Ka shiga ciki, ka biya abin da aka rubuta, ka karɓi rasit.

Maganar suna kuwa, ku gyara tun yanzu. Harafi ɗaya ya isa a dawo da ku. A yi takardar rantsuwa a kotu cewa sunayen biyu mutum ɗaya ne, ko a gyara a ofishin da ya ba da takardar haihuwar. Ku tsayar da yadda yake a fasfo, tunda shi za ta riƙa yawo da shi. Ranar da aka miƙo muku shaidar aure kuma, kada murna ta sa ku fita ba ku karanta ba. Ku duba suna, ranar haihuwa, da kwanan watan auren kuna tsaye a gaban teburin. Gyara a wannan lokacin minti biyar ne, bayan an rufe littafi kuwa sai an bi doguwar hanya.

Zuwa kai kaɗai ya danganta da ƙasa. Wani wuri mutum ɗaya na iya ba da sanarwa, wani wuri sai kowa ya zo da ƙafarsa. Amma ranar sa hannu, kusan ko'ina ana son a ga amarya a ji yardarta daga bakinta. Ni kaina na taɓa dakatar da wani aure saboda na tambayi yarinya ta yi shiru tana hawaye. Aikin kujerar ke nan.

Anti Nas

Baba, gwajin jini fa? Ana nema a ofis?

Maman Biyu

A Amurka da can jihohi da yawa suna nema, saboda ciwon tunjere. Duk sun daina, Montana ce ta ƙarshe, a 2019. Amma wasu ƙasashe suna nema har yanzu, Saudiyya tana wajabta gwajin sikila da wasu cututtuka kafin aure, kuma wasu jihohin Najeriya sun yi irin wannan doka. Ko ba a nema ba, ni dai shawarata ku yi na sikila. Anti ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin abin da yaran nan ke sha.

Baristar Zaure

Tunda ƙasa biyu ce a maganarku, ga abin da ya rage. A ƙa'ida, auren da ya inganta bisa dokar inda aka ɗaura shi, sauran ƙasashe suna karɓa, in dai bai ci karo da manyan dokokinsu ba, kamar na shekaru ko na yawan mata. Amma takardar ba ta tafiya haka nan. Akwai yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Heg na ƙasar Holan a 1961 kan tabbatar da takardu, ƙasashen da ke cikinta hatimi ɗaya ake bugawa a ƙasar da ta ba da takardar, sauran su karɓa. In ƙasar ba ta ciki, sai an bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje ta tabbatar, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a kai ta. Wasu ƙasashe kuma, Jamus misali, suna neman baƙo ya kawo takarda daga ƙasarsa da ke nuna babu abin da ya hana shi aure. Wannan takan ɗauki lokaci fiye da duk sauran, da ita za ka fara.

Masu rajistar auren addini ko na al'ada su ma su kula da wa'adi. A Gana dokar auren Musulmi mako guda ta bayar a yi rajista bayan ɗaurawa. A Afirka ta Kudu auren al'ada wata 3 ne, ko da yake rashin rajistar ba ya rushe auren.

Malam Mai Tambaya

Na ji bayanai, kuma na yarda takardar tana kare mata da marayu. Amma har yanzu ina da magana. Duk wannan tsari an yi shi ne don mai ilimi, mai fasfo, mai kuɗin mota. Mutumin karkara da ofishin ke nesa da shi, ko takardar haihuwa ba shi da ita, fom ɗin kuma da harshen da ba ya ji, shi ya zai yi? In hukuma ta ce rajista dole ce, ita ya kamata ta matso kusa da mutane, ta ba limamai da fastoci da masu unguwanni littafi su rubuta su kai mata.

Tsohon Magatakarda

Wannan gaskiya ce, Malam, ba ni da ja. Inda aka ba masu ɗaura aure littafi aka koya musu cikewa, aka kuma bi su ana karɓa a kan lokaci, rajista tana yawa. Inda aka zauna a ofis ana jiran mutane su zo, masu neman biza ne kawai ke zuwa. Kuma matar da ta fi buƙatar takardar nan ita ce wadda ba za ta taɓa neman biza ba.

Mama Zumunta

Baba, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Takardar shaidar aurenmu ta ɓace a ƙaura shekarun baya. Sai mun sake aure ke nan?

Tsohon Magatakarda

A'a Mama, kada ku sake, yin hakan ma zai jawo muku rikicin kwanan wata biyu. Takardar hannunku kwafi ce, asalin yana cikin littafin ofishin da aka yi rajista. Ku koma can da sunayenku kamar yadda aka rubuta a lokacin, da shekara da watan da aka yi, ku nemi kwafi mai hatimi. Suna iya neman takardar rantsuwa cewa ta ɓace, wani wuri har da rahoton 'yan sanda. In a coci aka ɗaura, ku fara da can, domin su ma suna ajiye nasu littafin, kuma lambar da ke ciki za ta sauƙaƙa wa magatakarda nema.